Dub Tekno Mai Murya da Albam na Waƙoƙin Na'ura: Tambayoyi da Amsoshi

Masu sauraron kiɗan na'ura da suka ci karo da dub tekno a karon farko sukan yi tambayoyi iri ɗaya, musamman idan suka ji muryar mawaƙi tana fitowa daga cikin kiɗan da suka ɗauka na rawa ne zalla. An tattara mafi yawan tambayoyin a nan tare da amsoshinsu.

Mene ne dub tekno?

Salon kiɗa ne da aka haifa a birnin Berlin na ƙasar Jamus a farkon shekarun 1990, sakamakon haɗa bugun tekno, wato kiɗan rawa na na'ura da ya taso a birnin Detroit na Amurka, da dabarun sarrafa sauti na dub ɗin Jamaika. Ginshiƙansa kaɗan ne: ganga mai bugu huɗu-huɗu ba fashi, sautin bes mai kauri a ƙasa, da dunƙulen sautuka uku ko huɗu da ake bugawa lokaci guda sannan a sake shi ya yi ta amsa-kuwwa har ya dusashe. A bayan duk wannan akan ji wata shasshaka kamar ta tsohon kaset, wadda da gangan ake barin ta. Saurinsa yakan kasance tsakanin bugu 115 zuwa 130 a minti ɗaya, ko da yake wanda aka yi domin mawaƙi yakan fi haka jinkiri.

Ina ne asalin dub ɗin kansa?

Kingston, babban birnin Jamaika, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970. A lokacin, ƙaramin faifan rege yakan ɗauki waƙa a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma a saka kiɗan waƙar ba tare da murya ba, domin masu manyan lasifikoki na dandalin rawa su samu abin da za su yi kirari da zance a kansa, kamar yadda U-Roy ya shahara da yi. Injiniyoyin sauti ne suka mai da wannan fuska ta biyu fasaha mai zaman kanta. King Tubby, wanda asali gyaran rediyo da kayan lantarki ne sana'arsa, yana zaune a ƙaramin situdiyonsa da ke unguwar Waterhouse yana cire murya, ya dawo da kalma biyu, ya jefa su cikin amsa-kuwwa, ya ɗauke ganga ya bar bes shi kaɗai, sannan ya dawo da komai a lokacin da mai rawa bai zata ba. Lee Perry ya yi irin wannan aiki a situdiyonsa na Black Ark, wanda ya gina a 1973.

Abin lura a nan shi ne dub daga waƙa aka sassaƙo shi. Ko da an cire muryar gaba ɗaya, gurbinta yana nan, kuma mai sauraron da ya san waƙar yana cike gurbin da kansa. Saboda haka shigar mawaƙi cikin dub tekno ba baƙon abu ba ne, komawa ce ga tushen da ɓangare ɗaya na kiɗan ya fito.

Su wa suka fara haɗa shi da tekno?

Moritz von Oswald da Mark Ernestus, waɗanda suka fara fitar da fayafayai da sunan Basic Channel a 1993. Ernestus ne ya buɗe shagon sayar da fayafayai na Hard Wax a Berlin a 1989, shekarar da katangar birnin ta faɗi, kuma shagon ya zama mahaɗar makaɗan Detroit da na Jamus. Von Oswald kuwa makaɗin ganga ne da ya yi aiki da ƙungiyar Palais Schaumburg a shekarun 1980. A 1995 su biyun suka kafa kamfanin fayafayai na Chain Reaction, wanda ya fito da Porter Ricks, Monolake, Vainqueur da Fluxion, suka kuma buɗe wurin yanka faifai na Dubplates & Mastering saboda su riƙa lura da yadda bes ɗinsu yake kwanciya a kan faifai. Kusan duk ayyukan wannan zango babu murya a cikinsu.

Me ya sa ake cewa kiɗan taƙaitacce ne, kuma ba ya gundurar mai sauraro?

Ana kiran sa taƙaitacce ne saboda yana aiki da kaya kaɗan, yana maimaita su na tsawon lokaci. Wannan tunani ya yi ƙarfi a Detroit ta hannun Robert Hood, wanda albam ɗinsa Minimal Nation na 1994 ya rage tekno zuwa ganga, bes da ɗan sauti ɗaya ko biyu. Game da gundura kuwa, gaskiya yana iya gundurar mutum, kuma akwai dubban kiɗe-kiɗe a wannan salo da ba su da komai sai kwaikwayon abin da Basic Channel suka yi tun shekaru talatin da suka wuce. Amma a wanda aka yi da kyau, maimaitawar a zahiri ce kawai. Dunƙulen sautin da ka ji a minti na farko ba shi ne za ka ji a minti na shida ba, domin hannun mai haɗa sauti yana kan maɓallai yana buɗe shi, yana rufe shi, yana ƙara masa nisa ko ya jawo shi kusa. Kunnen da ya saba jiran amshi da sabon baiti yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya koyi bin irin wannan sauyi.

Yaushe mawaƙa suka shigo?

Tun da wuri, kuma ta hannun mutanen biyu da suka kafa salon. A jerin fayafayan da suka fitar ƙarƙashin sunan Main Street daga 1994, sun yi aiki da mawaƙi Andy Caine, sannan da Paul St. Hilaire, ɗan asalin tsibirin Dominika da ke zaune a Berlin, wanda a lokacin ake kira Tikiman. Haɗuwarsu da St. Hilaire ce ta buɗe ƙofa. Suka ɗauki sabon suna, Rhythm & Sound, suka kafa kamfanin fayafayai na Burial Mix, suka sassauta gudun kiɗan har ya kusanci na rege, a 1998 kuma suka tattara aikinsu da shi a albam ɗin Showcase, inda kowace waƙa take zuwa tare da dub ɗinta kamar yadda aka saba a Jamaika.

A 2003 suka fitar da albam biyu tagwaye: With the Artists mai ɗauke da waƙoƙin, da The Versions mai ɗauke da dub ɗin waƙoƙin. Mawaƙan da aka ji a ciki sun haɗa da Cornell Campbell, Jennifer Lara, Love Joys da Jah Batta, wato tsofaffin hannu a rege, ba matasan gidajen rawar Berlin ba. Wasunsu na da alaƙa da Wackie's, kamfanin rege da Lloyd Barnes ya kafa a unguwar Bronx ta New York, wanda Ernestus da von Oswald suka ɗauki nauyin sake buga tsofaffin fayafayansa. Wannan ya nuna cewa ba aron kamanni suka yi daga nesa ba, sun zauna da mutanen da suka yi kiɗan.

See Mi Yah na 2005 ya bi wata al'adar Jamaika ta daban: kiɗa ɗaya tak, mawaƙa da yawa, kowa ya hau da nasa baitin, cikinsu har da Willi Williams da Sugar Minott. A ganina wannan albam ne ya fi bayyana abin da salon yake nufi da murya, domin da yake kiɗan ba ya canzawa, duk bambancin da kunne yake ji daga mawaƙi yake fitowa, daga yadda wannan yake jinkirta kalma, wancan kuma yake gaggauta ta. A shekarar da ta biyo baya aka miƙa waƙoƙin ga makaɗan tekno irin su Carl Craig da Ricardo Villalobos suka sake gina su.

Yaya ake sarrafa murya a irin wannan kiɗa?

A waƙar da aka saba ji a rediyo, murya ce sarauniya. Ana ajiye ta a gaba, a tsakiya, kuma kowane kayan kiɗa yana kauce mata. A dub tekno ba a ba ta wannan kujera kai tsaye. Ana ɗaukar ta a matsayin ɗaya daga cikin layukan da ke kan teburin haɗa sauti, wadda za a iya ɗagawa, a rage, ko a kashe na tsawon minti biyu ba tare da ginin ya rushe ba.

Babbar dabarar ita ce tura ƙarshen kalma cikin na'urar jinkirta sauti. Mawaƙi ya kai ƙarshen layinsa, mai haɗa sauti ya murɗa maɓalli na ɗan lokaci, sai gaɓar ƙarshe ta yi ta maimaita kanta tana raguwa. Akan saita tazarar maimaicin a kan kashi uku cikin huɗu na bugu ɗaya, wato kimanin milisakan 375 idan kiɗan yana gudun bugu 120 a minti, domin amsa-kuwwar ta riƙa faɗowa a tsakanin bugun ganga, ba a kansa ba. Wannan saɓani ne yake ba kiɗan rausayarsa. Na'urar da ta yi suna a wannan aiki ita ce Roland Space Echo, wadda ta fito a 1974. Zaren kaset ne yake zagayawa a cikinta, kuma duk lokacin da sauti ya sake bi ta kan zaren sai ya rasa ɗan kaifinsa, har kalmar ta zama gurnani mai taushi. Idan aka mayar da abin da na'urar ta fitar cikinta fiye da kima, sautin yakan yi ta kumbura maimakon raguwa, kuma gwanaye suna wasa da wannan iyaka da gangan.

Akwai kuma batun wuri. Bes da ganga sun mamaye ƙasan sauti, ƙasa da hez 100 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti) ko makamancin haka, dunƙulen sautukan nan kuma suna zaune a tsakiya, daidai inda muryar ɗan Adam take. Dole ɗaya ya matsa wa ɗaya. Mai haɗa sauti nagari yakan rufe kaifin dunƙulen yayin da mawaƙi yake magana, ya buɗe shi idan ya yi shiru, ta yadda su biyun suke zama kamar mai bayarwa da mai amshi. Inda aka kasa yin haka, sai a ji waƙa da kiɗa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da ɗaya ya san da zaman ɗaya ba, kuma wannan ne aibin da ya fi yawa a ayyukan masu koyo.

Mene ne bambancin albam na waƙoƙi da tarin kiɗan rawa?

Kiɗan rawa an gina shi ne domin mai juya faifai a gidan rawa. Shi ya sa yakan fara da ganga zalla na minti ɗaya ko fiye, ya ƙare da haka, saboda a iya ɗora shi a kan wanda ya gabace shi ba tare da masu rawa sun ji gaɓa ba. Faifai mai inci 12 ya dace da wannan, domin kiɗa ɗaya ko biyu a kowace fuska yana barin sarari ga layukan da allura take bi su yi faɗi, kuma layuka masu faɗi ne suke ɗaukar bes mai ƙarfi. Idan aka tara irin waɗannan guda goma a wuri ɗaya an samu tari, amma ba lallai an samu albam ba.

Albam na waƙoƙi yana ɗaukar cewa mai sauraro zai zauna ya bi shi daga farko har ƙarshe. Kowace waƙa tana da abin da take faɗa, tana da mafari da ƙarshe na kanta, kuma jerin da aka yi musu yana da dalili. Wahalar ita ce tekno yana son lokaci mai tsawo da sauyi a hankali, waƙa kuwa tana son baiti da amshi su zo a kan kari. Wanda ya matse kiɗan cikin minti uku da rabi don ya yi kama da waƙar rediyo ya zubar da abin da ya sa salon ya bambanta. Wanda kuma ya bar shi minti goma sha biyu da kalmomi huɗu kacal, da ƙyar za a ce ya yi waƙa. Albam ɗin da suka yi fice su ne waɗanda suka samo matsaya tsakanin biyun, kuma kowannensu ta hanyarsa ya samo ta.

Dole ne mawaƙin ya kasance na rege?

A'a. Sasu Ripatti ɗan ƙasar Finland, wanda ya fitar da aiki a Chain Reaction da sunan Vladislav Delay, ya fito da Vocalcity a 2000 da sunan Luomo. Waƙoƙi 6 ne a ciki, kusan kowacce ta kai ko ta haura minti 10, kuma muryoyin soyayya ne da aka yayyanka aka warwatsa cikin kiɗa mai zurfin amsa-kuwwa. Andy Stott na Manchester a Ingila ya gayyato Alison Skidmore, wadda ta taɓa koya masa fiyano yana yaro, ta rera a Luxury Problems na 2012, inda muryarta mai tsabta take shawagi a kan kiɗa mai nauyi da jinkiri. Shi kansa Ernestus ya juya zuwa Senegal, ya yi aiki da makaɗan gangar sabar, kuma a Yermande na 2016, wanda ya fito da sunan Ndagga Rhythm Force, Mbene Diatta Seck ce take rerawa da harshen Wolof. Babu gangar tekno a wannan aiki, amma hannun dub a bayyane yake wajen abin da aka cire da abin da aka bari.

Duk da haka muryar rege ta fi saurin zama daidai, domin mawaƙanta sun taso suna sane da cewa za a yi dub ɗin waƙarsu, sun kuma iya barin sarari tsakanin layuka. St. Hilaire ya ci gaba da wannan aiki da mutane da dama, ciki har da Deadbeat ɗan Kanada, wanda suka fitar da The Infinity Dub Sessions tare a 2014.

Wasu suna cewa murya tana ɓata tekno. Suna da gaskiya?

Suna da hujja guda mai ƙarfi. Da zarar kalma ta shigo, hankalin mai sauraro yana komawa kan ma'anarta, kuma wannan yana iya katse nutsuwar da maimaicin kiɗan ya gina. Amma da'awar cewa tekno na asali bai san murya ba kuskure ne. Kevin Saunderson, ɗaya daga cikin mutane ukun da ake jingina wa kafa tekno tare da Juan Atkins da Derrick May, ya yi suna a duniya a 1988 da ƙungiyar Inner City, inda Paris Grey take rerawa. Abin da yake ɓata kiɗa shi ne muryar da aka liƙa a kansa daga baya don a samu kasuwa, kuma kunne yana gane ta nan take.

Wane ne mai aikin, mawaƙi ko mai haɗa sauti?

Tambaya ce da ta wuce batun suna a bangon faifai, domin tana shafar kuɗi da haƙƙin mallaka. A kiɗan na'ura sunan mai haɗa kiɗa ne yakan zo da manyan baƙaƙe, na mawaƙi kuma ya biyo baya a matsayin baƙo, ko da kuwa shi ya rubuta kalmomin ya kuma ƙirƙiro karin. A dokar haƙƙin mallaka ta yawancin ƙasashe, rubutacciyar waƙa abu ne daban, ɗaukar sautinta kuma abu ne daban, kuma mawaƙin da ya kawo kalmomi da kari yana da rabo a na farko. Akwai kuma wanda yake yanko murya daga tsohon faifan rege ya dasa a kiɗansa ba tare da izini ba, abin da ya zama ruwan dare a wannan salo. Bambancin yin haka da gayyatar mawaƙi situdiyo ba na doka kaɗai ba ne, har a kunne ana jin sa, domin mawaƙin da yake sauraron kiɗan yayin da yake rerawa yana mayar masa da martani.

Ana rawa da shi ko saurare kawai ake yi?

Ana yin duka biyun. Masu juya faifai sukan saka shi a farkon dare kafin wuri ya cika, ko kuma da asuba bayan masu rawa sun gaji. Albam ɗin waƙoƙi kuwa an fi jin daɗinsu a zaune.

Da wace irin na'ura ya kamata a saurara?

Lasifikar waya ko ta ƙaramar kwamfuta ba ta iya fitar da sautin da ke ƙasa sosai, kuma a nan rabin kiɗan yake. Wanda ya saurari Rhythm & Sound ta irin wannan hanya zai ji murya da ɗan ƙwanƙwasa, ya yi zaton babu komai a ciki. Abin saurare na kunne mai kyau, ko lasifikoki biyu masu ɗan girma da aka ajiye nesa da juna, sun wadatar. Ba sai an ƙure ƙara ba. Matse fayil ɗin sauti fiye da kima ma yana illa, domin wutsiyar amsa-kuwwa da shasshakar baya su ne suke fara lalacewa.

Ta ina ya kamata sabon mai sauraro ya fara?

Da With the Artists, sannan ya bi shi da The Versions nan take, domin jin waƙa da dub ɗinta a jere ya fi kowane bayani koyar da abin da mai haɗa sauti yake yi. Bayan haka Showcase da See Mi Yah. Wanda kunnensa bai saba da rege ba yana iya shiga ta Luxury Problems ko Vocalcity. Idan kuma yana son ya ji yadda salon yake ba tare da murya ba, akwai fayafayan Basic Channel na farko da The Coldest Season na 2007, aikin Rod Modell da Stephen Hitchell. No Protection na 1995, inda injiniyan dub Mad Professor ya mai da albam ɗin ƙungiyar Massive Attack ta Ingila mai suna Protection zuwa dub, ba tekno ba ne, amma yana nuna dabarar a kan waƙoƙin da mutane da yawa suka riga suka sani.

Me mai son yin irin wannan kiɗa yake buƙata?

Kayan aikin ba su da yawa. Kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa sun isa a fara, kuma ɗaya daga cikin fitattun manhajojin, Ableton Live, wadda ta fito a 2001, daga cikin wannan da'ira ta taso, domin Gerhard Behles da Robert Henke na Monolake suna cikin waɗanda suka samar da ita. Sai makirufo mai kyau, da ƙaramin tebur mai maɓallan da hannu zai iya murɗawa, saboda tura murya cikin amsa-kuwwa da hannu yayin da kiɗan yake tafiya yana ba da sakamakon da zana layi da linzamin kwamfuta ba ya bayarwa. Yana da amfani a ɗauki haɗin sau da yawa daga farko zuwa ƙarshe, sannan a zaɓi wanda ya fi rai ko da akwai ɗan kuskure a cikinsa.

Game da mawaƙi, a ba shi kiɗan da aka rage masa kaya tun kafin ya shiga situdiyo, ganga da bes kawai idan zai yiwu, domin ya samu inda zai ajiye muryarsa. A ɗauki muryar a bushe ba tare da amsa-kuwwa ba, ko da za a saka masa ita a kunnensa don ya ji daɗin rerawa, saboda wadda aka ɗauka tare da muryar ba ta ciruwa daga baya. A kuma rubuta yarjejeniyar rabon haƙƙi kafin a fitar da aikin, tare da fayyace ko mai haɗa kiɗa yana da izinin fitar da dub ɗin waƙar ko miƙa muryar ga wani ya sake gina ta.